Abin da Ke Bayan "Da Sauƙi"

Da wuya a tambayi Bahaushe jikinsa ya ce babu sauƙi. Ko a kan amalanke aka ɗauko shi daga wani ƙauye na bayan Makoɗa, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, in ka durƙusa ka ce, "Baba, yaya jikin?" abin da zai fito daga bakinsa shi ne, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Gaishe shi aka yi, ya amsa gaisuwa. A cikin amsar nan akwai godiya ga Allah, akwai kyakkyawan fata, akwai kuma tausayin wanda ya zo dubiya, don kada a ɗora masa nauyin da ba shi da yadda zai yi da shi. Ina ƙaunar wannan ɗabi'a tamu, ba na fatan ganin ranar da za ta gushe. Sai dai akwai mutum ɗaya da bai halatta ta karɓi amsar nan ta yi gaba ba, ita ce ma'aikaciyar jinya.

Wannan tunani kan zo mini duk sa'ad da na tuna 'yan matan makarantar ungozoma ta Ɗambatta, da takwarorinsu na makarantun jinya na Kano da Madobi, sun duƙufa a kan littattafai jarrabawa ta ƙarato. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta tsayar a siffarta ta yanzu, ita ke shirya jarrabawar, ita ke ba da lasisi. Wadda ba ta ci ba, ba ta da hurumin taɓa majinyaci da sunan wannan aiki. Akwai masu karatun shekara uku, akwai kuma masu gajeren horo da ake shiryawa musamman don su koma garuruwansu su riƙe ƙananan asibitoci.  Tun daga 2012, wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa a jihohin Kano, Jigawa, Katsina, Zamfara da Yobe ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara, a yi musu shekarar share fage kafin su shiga waɗannan makarantu, saboda an gane cewa mace a ƙauye ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace, maigida ma ya fi saurin ba da izini.

Abin da ake nema a wurinsu ko'ina a duniya kusan ɗaya ne: awon zafin jiki da bugun jijiya da numfashi da hawan jini, ba da magani daidai, tsare majinyaci daga faɗuwa da ɗaukar wata cutar a kan wadda ya zo da ita, da sanin lokacin da za a ruga a kira na gaba. Da Turanci ake koyar da duk wannan, da Turanci ake tambayarsa. Majinyaci kuwa da Hausa zai yi magana, Hausar ma ta mutanen gona, mai kunya da kawaici. A ƙasar da ta taso daga Dawakin Tofa ta bi Bichi da Ɗambatta har Kunchi da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake a ƙarƙashin gawo da ɗorawa, jama'a sun yi yawa, likita ya yi kaɗan. In ciwo ya tashi da tsakar dare a damina, sau da yawa yarinyar nan mai farin kaya ita ce kaɗai mai ilimin asibiti da majinyaci zai gani kafin gari ya waye. Ita ake kira "likita", ita ake kira "malama", tsofaffi su ce mata "'yar nan". Kunnenta ne ƙofar farko, kuma abin da ya wuce ta can ba lalle wani ya sake tsinto shi ba.

To, me za ta yi da "da sauƙi"? Ta amsa, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, don wadda ta tsallake gaisuwa ta rufe wa kanta bakin majinyaci. Daga nan sai ta sa hannu da agogo. Zafin jikin babba mai lafiya yana tsakanin 36.5 da 37.5, jijiyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, numfashinsa 12 zuwa 20. Ga yara lissafin ya fi tsanani, domin yaro ba ya faɗa, uwa ce ke faɗa a madadinsa, ita kuma "mura ce" za ta ce. An koya wa ɗaliba ta ɗaga rigar yaron yana kwance shiru, ta ƙirga numfashinsa minti guda cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60; daga wata biyu zuwa shekara, in ya kai 50; daga shekara zuwa biyar, in ya kai 40, to an wuce mura, ana zargin ciwon huhu. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa yayin da yake jan iska, ko ya ƙi nono sam, ko duk abin da aka ba shi ya dawo, ko ya yi taune-taune, ko an kasa tashinsa daga barci, wannan ba na ajiyewa ba ne, na turawa babban asibiti ne a wannan sa'ar. Ɗaliba kan haddace lambobin nan don ta ci jarrabawa. Amfaninsu na gaskiya kuwa shi ne su tsaya mata a ranar da kowa a ɗakin, har da uwar yaron, yake cewa ai ya ji sauƙi tunda ya yi shiru.

Kalmar da ta fi ba ni tsoro ita ce "kwana biyu". Ka tambayi dattijo, "Malam, tun yaushe kake tarin nan?" sai ya ce, "Kwana biyu ke nan." A bakinmu kwana biyu na iya zama mako uku, na iya zama tun kaka. Alhali a ƙa'idar asibiti, tarin da ya kai mako biyu ana aika majinarsa a gwada ko tarin fuka ne. In yarinya ta rubuta "2" a kati kamar yadda ta ji, ta ba shi maganin tari ya koma gida, ya koma ne cikin jikoki, ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe saboda hunturu. Mai wayo ba ta jayayya da shi, sai ta canza ƙafar tambayar. "Baba, da aka yanke gero kana tarin?" "Sau nawa kasuwar Ɗambatta ta ci tun da ya fara?" Mutumin da bai riƙe kwanan wata ba yana riƙe da ranar kasuwa, da sallar Juma'a, da ranar sunan jikansa. Haka ma mai naƙuda. "Tun jiya" ba ta isa ba. Jiya da la'asar ko jiya da asuba, tsakaninsu akwai sa'o'in da kan raba mace da lafiyar mafitsararta. Duk wanda ya san matan da ke jiran aikin yoyon fitsari a Kano ko a Babbar Ruga ta Katsina ya san me doguwar naƙuda kan bari a baya.

Sai kuma jini. "Ya zuba kaɗan," in ji ungozomar gida, in ji kishiya, wani lokaci ma in ji ma'aikaciya da ta duba da ido. Littafi ya ce in mace ta zubar da mililita 500, wato rabin lita, cikin sa'o'i 24 bayan haihuwa, to ta shiga haɗari. Amma zani kan shanye, katifa kan shanye, ƙasa kan shanye, ido kuwa kullum ragewa yake yi. Babu manomin da ke sayar da geronsa da ƙiyasin ido, sai ya sa tiya, amma shekara da shekaru jinin mata da ido ake auna shi. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Abin da aka yi ba wata sabuwar na'ura ba ce. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin ya taru inda za a karanta yawansa, da zarar ya kai iyaka sai a haɗa magunguna gaba ɗaya: murza mahaifa, allurar da ke tsuke ta, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da bincika inda jinin ke fitowa. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ina ganin babu darasin da ya fi wannan dacewa a rataye a bangon kowane ajin ungozoma. An sauya kalmar "kaɗan" da lamba, mata suka rayu.

Wata kalmar kuma takan zo da bayaninta a goye. Mai ciki ta faɗi tana jijjiga, kafin a kai ta asibiti an riga an ce iska ce, an yi turare, an yi tofi. Ma'aikaciyar da ta tsaya musun aljanu da dangi ta ɓata lokacin da ba ta da shi. Aikinta ta kwantar da matar a gefenta na hagu, ta hana a cusa mata cokali ko ruwa a baki, ta auna jini. Daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini, 160 bisa 110 kuwa tashin hankali ne. Tun 2008 aka soma yaɗa allurar magniziyam salfet a asibitoci goma na jihar Kano, mace-macen jijjiga suka ragu ƙwarai. Sai dai maganin da ke ceto shi ne kan tsayar da numfashi in ya yi yawa, shi ya sa kafin kowace allura ta gaba dole a ƙirga numfashi, a buga gwiwa a ga ƙafa ta zabura, a auna fitsari a ga ya kai mililita 30 a sa'a. Ga dangi kuma sai ta ce, "Inna, ku ci gaba da addu'a, mu ma muna yi, amma ku bar ni in yi mata allurar nan." Ban taɓa jin malamin kirki ya ce neman magani ya saɓa wa tawakkali ba. Abin da ya fi shi ne a tari abin tun a wurin awo, a gaya wa mai ciki cewa ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da kumburin fuska ba laulayi ba ne.

Akwai tambayar da kowace jarrabawar jinya ke maimaitawa: kafin ki ba da magani, me za ki tabbatar? Amsar a haddace take. Mutumin shi ne, maganin shi ne, adadin daidai, hanyar daidai, lokacin daidai. Na farkon ana ganinsa mafi sauƙi, domin littafi ya ce a tambayi cikakken suna da ranar haihuwa. Wanda ya rubuta haka bai zauna a ɗakin mata na asibitin ƙaramar hukuma ba, inda za a kira "Amina Muhammad" mutum uku su ɗago kai. Bai san cewa da yawan tsofaffinmu ba su da ranar haihuwa a rubuce ba. Bai san sunan yanka daban, sunan da aka san mutum da shi daban ba: a kati Hauwa'u, a gida Jummai, in an kira Hauwa'u sai ta yi shiru tana jiran mai sunan ta amsa. Bai kuma san kunyar ɗan fari ba. Ka ce wa yarinya 'yar shekara sha takwas, "Yaya sunan ɗanki?" sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, sai ƙanwar miji ta amsa. Sunan maigida ma ba za ta kama ba, "Malam" ne ko "shi". Waɗannan ladubba ne masu daraja, amma a gefen gado sukan zama ramin da ake faɗawa, musamman ranar ƙarin jini, inda ledar wani in ta shiga jikin wani ana iya rasa rai cikin mintuna. Don haka ma'aikaciya ba ta cewa, "Ke ce Amina?" domin mai kawaici "na'am" za ta ce ko ba ta ji da kyau ba. Sai ta bar ta ta faɗi sunanta da bakinta, ta haɗa da sunan ƙauye da lambar kati, ta gwada da abin da ke rubuce a jikin ledar, ita da abokiyar aikinta su biyu. Lambar gado ba suna ba ce, ana sauya wa mutane gado da dare.

Duk wannan a ɓangaren saurare ne. Idan magana ta dawo bakin ma'aikaciya, nauyin ya ninka, domin abin da ta faɗa shi za a tafi da shi gida a aikata.

Mu Hausawa mun raba ci da sha. Tuwo ake ci. Kunu, koko, fura da nono sha ake yi, ko da sun fi tuwon cika ciki. In aka ce wa 'yan jinya, "Gobe za a yi masa aiki, kada ya ci komai," sun ji, sun kuma bi. Da asuba sai a dama masa koko mai kauri, ai ba ci ya yi ba. Mutum ya shiga ɗakin tiyata da cikakken ciki, a sa shi barci, abin da ke cikin ya taso ya gangara huhu. Laifin ba na 'yan jinya ba ne. Jimlar ce ba ta cika ba. Cikakkiyarta ita ce, "Kada ya ci, kada ya sha, ko kunu, ko ruwa, daga lokaci kaza, sai na zo na gaya muku." Haka "magani". A tambaya, "An ba shi wani magani a gida?" a ce a'a, domin jiƙo da sassaƙe ba su ne ake nufi ba a zatonsu, allurar mai kemis kuma ana jin nauyin ambatonta kada a yi faɗa. Wadda ta tambaya da fuskar faɗa ba za ta taɓa jin gaskiya ba. "Sau uku a rana" ma haka: wani zai sha da safe, da hantsi, da azahar, ya ce ya sauke nauyi, alhali nufin likita duk bayan sa'a takwas. Mai hikima takan ɗaure shi da abin da ba ya kuskure wa mutanenmu: bayan sallar asuba, bayan azahar, sai lokacin kwanciya. "Cokali ɗaya" kuwa, wane cokali? Na shayi mililita 5 ne a lissafin asibiti, na cin abinci ya ninka shi uku, a wani gidan ma ludayi ne ya fi kusa da hannu. Gishirin amai da gudawa da ya kamata a narka a lita guda, in aka zuba shi a ɗan kofi don "ya fi ƙarfi", cutar da yaron zai yi. Gara ta ce leda biyu ta fiya wata, in gishirin na lita guda ne, tunda kowa ya san girmanta.

Bayan duk bayanin nan, majinyaci zai ce, "To." Wannan ƙaramar kalma ba ta nufin ya gane, ba ta ma nufin ya yarda. Sau da yawa ma'anarta, na ji kin gama magana, kuma ba zan musa wa mai ilimi ba. Maganinta a ce, "Inna, maimaita mini yadda za ki ba shi, don in tabbata ban manta wani abu ba." An ɗora mantuwar a kan mai tambaya, an tsare wa tsohuwa mutuncinta, an kuma ji abin da ta ɗauka. Mutanen Kano sun fi kowa sanin tsadar yardar da ba a nema yadda ya kamata ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, labarin nan na cikin abin da mutane ke tunawa. Yarinyar da ke tsaye da sirinji a wani ƙaramin asibiti a Kunchi ta gaji wannan tarihi ko ta sani ko ba ta sani ba, kuma kowane bayani da ta yi da haƙuri biyan wani ɓangare ne na bashin.

Hausa ta ba kwanciyar ciwo da kula da mai ciwo suna ɗaya. "Malam yana jinya" na nufin yana kwance. "Hajiya ta tafi jinya" na nufin tana zaune a gefen wani. Haka abin yake a asibitocinmu, domin ma'aikaciya ɗaya ba za ta iya da ɗaki guda ba, 'yan jinya ne ke ciyarwa, su yi wanka, su zubar da fo, su kwana a tabarma a ƙarƙashin gado. Ke nan ilimin da ya tsaya a kanta ita kaɗai bai kai ga majinyaci ba. Dole ta koya wa 'yar tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye ta riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu, kada ƙugu da diddige su yi gyambo. Ta zaunar da shi kafin ta ba shi kunu. Kada ta ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai, ko rubutu ne, sai dai a shafa masa. Kada kuma wani ya taɓa maƙunnin ledar ƙarin ruwa don ta yi saurin ƙarewa a tafi gida.

Hannu ma yana da nasa hukunci. Mu masu alwala ne sau biyar, muna ganin hannunmu a wanke yake. Tsarkin ibada daban, wankin asibiti daban: sabulu da ruwa mai gudana na daƙiƙa 40 zuwa 60, ko man goge hannu na daƙiƙa 20 zuwa 30, kafin taɓa majinyaci da bayan taɓa shi, ko da an sa safar hannu. Na san akwai asibitocin da famfo ya daɗe da ƙafewa, sai bokiti da buta. To a sami mai zubawa, kada a tsoma hannu goma a roba ɗaya. Wannan kariya ce gare ta ita ma. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969, ma'aikatan jinya ya soma kashewa: Laura Wine da ta kamu a garin Lassa na Borno, da Charlotte Shaw da ta yi jinyarta a Jos. A watan Janairu na 2020 cutar ta ɗauke likitoci a Kano bayan sun yi wa wata mai ciki aiki. Mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022, wanda jihar Kano ta fi kowace jiha jin jikinsa, da kalmar "ciwon wuya" yake shigowa asibiti. Ba a mayar wa allurar da aka yi amfani da ita murfi, ba a kuma jira sai an san sunan cuta kafin a tsare kai.

Saura kalma mafi nauyi. In an yi rashi, mukan ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Wannan imani shi ke riƙe uwa kada ta zauce, shi ke sa dangi su yi wa ma'aikata godiya suna ɗauke da gawa. Amma wannan kalma ta masu rashi ce. Ma'aikaci ba shi da ikon ara ta ya lulluɓe sakaci. Hausa ba ta rasa sunaye ba: akwai kuskure, akwai sakaci, akwai ganganci, kowanne da matsayinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda tun 2019 ta keɓe 17 ga Satumba don tunawa da kare majinyata, ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 kan cutu a yayin da ake yi masa magani, kuma fiye da rabin wannan cutarwa ana iya kauce mata. Wadda ta ba da adadin da ba shi ba, abin da ake bukata gare ta shi ne ta duba majinyacin nan take, ta gaya wa na gaba da ita, ta rubuta. Hakan ba zai yiwu ba a inda duk wadda ta faɗi gaskiya za a tsinka ta a gaban jama'a. Manyan ma'aikata su sani, tsawar da suke yi wa ƙanana ba ta rage kuskure, ɓoye shi take sa a yi. Kuma irin kawaicin da ke hana majinyaci cewa yana jin jiki, shi ne ke hana sabuwar ma'aikaciya ce wa likita, "Ranka ya daɗe, adadin nan kamar ya yi wa yaron yawa, a sake dubawa." Wannan jimla ba rashin kunya ba ce. Tana cikin abin da aka ba ta lasisi dominsa.

Ba na neman a sassauta jarrabawa, ba na kuma neman a daina koyarwa da Turanci, domin da shi aka rubuta sunayen magunguna da littattafan da za su ci gaba da karantawa. Roƙona ga shugabannin makarantun Ɗambatta, Madobi da Kano, da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, shi ne a keɓe darasi na musamman na ɗaukar bayanin majinyaci da ba da umarni da Hausa, a kuma gwada shi a jarrabawar aiki kamar yadda ake gwada awon jini. A zaunar da tsofaffin ma'aikatan da suka shekara talatin a asibitocin Bichi da Ɗambatta, a rubuta kalmomin da suka ji da abin da aka tarar a bayansu, tun kafin su yi ritaya su tafi da su. Kai kuma mai karatu, in ka kai naka asibiti, ka tafi da kwalayen duk abin da ya sha, na kemis da na gargajiya, ka faɗi ainihin ranar da ciwon ya fara, kuma kada ka bar wurin sai ka maimaita wa ma'aikaciya yadda za a sha maganin ta ce daidai ne.